Gwiwar Kyauta Mai Lambu

Wanda duk ya zauna Madarumfa a shekarun casa'in ya san Kyauta mai lambu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Filin da yake nomawa a bakin tabki ba nasa ba ne, aro ne daga Alhaji Mahaman, kuma sharaɗin guda ne: in ruwa ya ja baya da sanyi, a ga shuka a wurin. Shekarar da ba a gani ba, akwai masu jira. Da wannan ɗan fili yake ciyar da mutum bakwai, yana ban ruwan salati da albasa da gwangwani biyu, ɗaya a kowane hannu.

Cikin damanar 1995 amalanke ta kife da shi a hanyar Gabi, gwiwar dama ta murɗe. Aka kai shi Maraɗi aka yi masa aiki. Ranar sallama daga asibiti lokotoro ya ce, "Nawa ya ƙare, saura naka. A motsa ta kullum, a hankali. In ta yi ciwo, a tsaya."

A garin mutum ɗaya ya san wannan aiki: Sule, tsohon soja mai horar da ƴan kokowa a wani kango bayan tasha. Kayansa gwangwanayen madara cike da siminti, da robar taya, da wani keke marar ƙafafu da aka kafe a ƙasa. Samari da yawa ya tayar bayan targaɗe da karaya. Sai dai fa Sule shi ne mahaifin Kulu, matar Kyauta.

To, kun san zaman surukai. Shekara goma sha ɗaya da aure, Kyauta bai taɓa cin abinci a gaban Sule ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Sule kuwa ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "mai lambu".

Shi kuma Sule da ido yake aiki. Saurayi na ɗaga nauyi, shi yana kallon fuska. Da ya ga an ciji leɓe sai ya ce ya isa, ya taɓa gaɓar ya ji ɗuminta. Amma da Kyauta ya zo, sai Sule ya zauna kan turmi ya ba shi gefe, ido a katanga. Ƴan kokowa duk da gajeren wando suke, Kyauta kuwa da dogon wandonsa har idon sawu. Wa zai buɗe cinya gaban surukinsa?

"Mai lambu, da ciwo?"

"Babu, Baba."

"A ƙara?"

"Yadda kuka gani, Baba."

Aka ɗaura masa gwangwani ɗaya a ƙafa, aka koma biyu. Gumi na zuba, yana danne haƙori, ba ko nishi. Samarin suna tsiya: "Baba Sule, wanga surukin naka a maƙera aka yi shi? Ka sa shi gasar bana mana!" Sule ya yi murmushi, abin ya yi masa daɗi.

A gida Kulu na gasa ƙafar da ruwan zafi.

"Malam, wannan gwiwa ce ko kabewa? Bari in faɗa wa Baba."

"Ki ce masa mi? Mijinki rago ne?"

"In ce ƙafa ta kumbura. Zagi ne?"

"Kul. Ruwa ya fara ja, Alhaji ya aiko sau biyu. Sati biyu ya rage in shiga lambu."

A sati na biyar Sule ya cika gwangwani biyu da ruwa, ya ce a kai su ƙarshen kango a dawo, kamar ban ruwa. A taku na bakwai aka ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Kyauta ya zube, ruwa ya malale.

"Santsi ne, Baba," in ji shi.

Ran nan Sule ya juyo. Ya durƙusa ya naɗe wandon da hannunsa, ya ga abin da ke ciki: fata ta yi sheƙi, ɗinkin ya yi baƙi.

"Tun yaushe?"

Kyauta ya sunkuyar da kai. "Tun satin farko."

Sule da kansa ya goya shi har tasha.

A Maraɗi aka ce abin da aka ɗinke a ciki ya tsinke, ba gyara sai Yamai, can ma ba tabbas. Ba a je ba. Ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Alhaji Mahaman ya zo dubiya da kansa, ya yi addu'a mai tsawo, kashegari wani mutumin garin Sarkin Yamma ya fara yanka kwamai na shuka a filin.

Kulu ta kama tuyar ƙosai, Kyauta ya koyi gyaran koma wajen masunta, yana yi daga zaune. Bai ishe su ba. Kafin bazara ta fita Sule ya aiko a ba shi manyan yaran biyu su zauna a gidansa. Kyauta ya ce to. Kulu ta ƙulle musu tufafi cikin ɗankwali, ta raka su har ƙofa.