Saiwar da Kawu Semesa Ya Karɓa

Aure ne ya kawo Salanieta Griffith daga Fiji, kuma da sunan mijinta Peniasi, ɗan asalin Fiji da ya zama ɗan ƙasar Ostareliya, take zaune a ƙasar. Aikinta yankan kaji a masana'anta, tsaye tun asuba har la'asar. Ranar da Peniasi ya datse mata yatsu biyu da ƙofar mota, ta tattara komatsanta ta koma gidan kawunta Semesa, ta nemi hukuma ta ba ta izinin zama na kanta.

Daga nan sai jira. Ta kai takardar likita, aka ce sai da ta 'yan sanda. Ta kai, aka ce da sauran bayani. Wata goma sha ɗaya, ba a ce eh ba, ba a ce a'a ba. Can sai ga wasiƙa: ranar Talata za ta zauna gaban wata jami'a ta faɗi abin da ya faru da bakinta.

Ana saura kwana biyu, dangin Peniasi suka iso da damin saiwar yangona, tsiron da mutanen Fiji ke kaiwa ban haƙuri. A al'adarsu ba wadda aka daka ake roƙo ba, babbanta ake roƙo, kuma da zarar ya karɓa an binne maganar, babu mai sake tono ta. Salanieta na kicin tana dafa rogo ta jiyo tafin kawunta sau uku. Ya karɓa ke nan.

Baƙin na fita ta tare shi. "Kawu, yatsun wa aka karya? Naka?"

"Ke, bakin nan naki! Dattawa bakwai sun durƙusa a falona, in kore su?"

"Shi gogan ya zo?"

"Yana da wasan ƙwallo."

"Madalla. Allah ya ba su nasara."

"Ranar Talata ki ce musu an sasanta. Kada ki kunyata ni a coci."

"In ce an sasanta, su rufe takarduna su ɗora ni a jirgi? Dattawan naka za su zo rakiya?"

Talata ta yi. Da jami'ar ta ce ta fara, sai abin ya yi mata nauyi, don ita ma cikin al'adar nan ta tashi, ba ta taɓa ganin wanda ya tono abin da manya suka binne ba. Haushin kanta ya kama ta. Ta ɗora hannun da aka datse a kan tebur, ta fara daga marin farko. Awa biyu tana magana, ba ta rage komai ba.

Satin nan aka cire ta daga mawaƙan coci, ta kama ɗaki kusa da wurin aiki. Bayan wata huɗu izinin ya fito. Ta karanta a waya lokacin hutun rana, ta mayar da safar hannunta ta koma bakin aiki. Har yau Kawu Semesa ba ya amsa gaisuwarta.