Ranar da Baba Ya Sa Mota a D

Babana ya yi shekaru yana tuƙa kamyon albasa tsakanin Madawa da Tawa, har gwiwa ta hana shi. Shi ya sa da wana ya aiko mishi da ƙaramar mota otomatik, babu wanda ya yi ƙarfin halin koya mishi ita. Ni da na yi parmin tuƙi kwanan nan na buɗe baki, ya ce, "Ɗiyata, ina tuƙi tun ba a san za a haife ki ba."

Ya duƙa ya dubi baƙaƙen da ke jikin bitas, wato giyar mota, ya fassara su da kanshi. P, in ji shi, parti ne, wato tahi. D kuwa Hausa ce tsantsa: dakata.

Ranar da munka tahi suna Galma, ni na sa mishi bitas a ɓoye yana gyaran hula. Da munka hau godoro, hanyar kwalta, ƙafarshi ta hagu ta shiga neman ambiriyaj, kulocin da ya saba takawa a kamyon, ta samu birki. Sau uku inna tana karo da kujerar gaba, ƙwaryar fura a cinyarta.

Mun iske dattawa zaune bisa tabarmi ƙofar gidan suna. Baba ya taka birki, ya dubi bitas, ya ga tana kan D.

"Ashe ma ta san aikinta," ya ce.

Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga ƙafa, ya fara sallama. Mota ta kama tahiya sannu a hankali kamar tsohuwa za ta rijiya. Dattawa sunka amsa sallama suna tashi, wannan da takalmi ɗaya, wancan da butar shayi. Liman bai katse gaisuwa ba, yana ja da baya yana tambayar Baba gajiyar hanya.

Baba ya sake taka birki, taya na bakin tabarma. Ya kashe injin, lakile, makullin motar, ya ƙi fita. Ya ja, ya murɗa, ya yi mishi bismilla, ya ƙi. Sai ya gyara zama ya ce gwiwarshi ce ta motsa, a kawo mishi tuwo nan. Nan ya ci, nan anka raɗa suna ya shafa fatiha ta taga.

Da mutane sunka ragu na matso na ce, "Baba, ka riƙe birki, ka ja na hannu, ka tura ta P, sannan lakile zai fito."

Ya yi yadda na ce. Lakile ya zame kamar an shafa mishi mai.

"To wane ne ya ce musu su sa tsayawa a kan parti?" ya ce.

Ya sauka, ya zagaya motar sau biyu, ya ɗauko dutse babba ya tokare taya. Dattawa dai ba su yarda ba, sun maida tabarminsu bayan iccen bedi.