Tsohon Gidan Harsashin da Baba Ya Ba Yaya

Babanmu bai taɓa yarda da abu don an ce masa yana da kyau ba. A wurin aiki Sai-na-gani suke kiransa, kuma sunan ya biyo shi har gida. In Mama ta ce ta kulle ƙofa, sai ya tashi ya je ya girgiza kwaɗon. In ya sayi ƙwan fitila, sai mai shago ya ɗaura ya kunna a gabansa. Mama takan ce ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa gindin kofin.

Aikinsa kula da ɗakin makamai ne a wani kamfanin tsaro mai rakiyar motocin kaya. Ɗaki ne marar taga, sai 'yar kafa a jikin ƙofar ƙarfe da ake miƙa bindiga ta ciki. Dogayen bindigogi na jere a bango, ƙananan na cikin durowa, ko'ina warin mai da tsumma. Kullum da safe yakan ɗauki gidajen harsashi ɗaya bayan ɗaya, ya cika, ya zazzage, ya danna sifirin, wayar nan mai turo harsashi sama, da babban yatsa yana saurare kamar mai gwada kankana. Yatsan nan har kanta ya yi.

Shekarar da Yayana ya shiga kamfanin aka kawo sababbin gidajen harsashi, baƙaƙe na roba, na doguwar bindiga da na ƙarama. Baba ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya taɓe baki.

"Wannan ai bokiti aka yanka," in ji shi.

Ya zargi mai sayo wa kamfani kaya, ya zargi waɗanda suka ƙera, har direban da ya kawo bai tsira ba. Ya shanya ɗaya a rana, ya jiƙa wani a ruwa, ya maka wani da ƙasa. Babu wanda ya ko tsage. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai zargin ya ƙaru, wai abin da bai nuna aibinsa ba ɓoye shi yake yi. Da aka ba da umarni a tattara tsofaffin na ƙarfe a mayar, ya tattara ya mayar, amma ya soke ɗaya a ƙasan durowa.

Shi kuwa Yaya babu abin da yake so irin shiga cikin 'yan rakiya. Ba a shiga sai an ci gwajin harbi, wanda ya faɗi kuma gadin ƙofa ake tura shi, ba a sake kiransa. Yaya ya daɗe yana shiri, har ya rame. Baba bai taɓa hana shi ba. Sau ɗaya dai muna cin abinci ya ce, "Bindigar wanda bai dawo ba, ni ake kawo wa in goge." Daga nan bai sake tayar da maganar ba.

Ranar gwaji Yaya ya tsaya a layi ya miƙa hannu ta kafar nan. Baba ya ba shi doguwar bindiga, ya ɗora masa tsohon gidan harsashin a kai.

"Baba, ai na roba aka ce," Yaya ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Wa ya haife ka, ni ko masu roba? Wannan na san shi tun ba ka yi gemu ba. Ungo."

Yaya bai iya musu da Baba ba, ya karɓa.

Harbi bai yi nisa ba bindigar ta cije. Ya ja, ya bubbuga, ta sake cijewa, har lokacinsa ya ƙare. Na gefensa masu na roba suka gama lami lafiya. Mai gwajin ya zare gidan harsashin ya tambayi inda ya samo abin da aka hana. Yaya ya san in ya faɗi gaskiya aikin Baba ya tafi, sai ya ce shi ya ɗauko da kansa.

Da aka kwance abin, sifirin ya saki, babu sauran ƙarfi a jikinsa. Dannawar Baba ta kullum ce ta cinye shi. Abokan aikinsa kowa ya gane, suka riƙa cewa yau Sai-na-gani ya gani. Mama ta tausaya masa, ta ce tsufa ne. Yaya ya koma bakin ƙofa yana ɗaga wa motoci ƙarfen shinge, har da motocin rakiyar da ya so shiga. Ya yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa shi da Baba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sai dai ni 'yar ubana ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutumin da yatsansa ke gane sifiri mai ciwo tun kafin ya mutu, shi ne zai kasa gane wanda ya fi kowanne daɗewa a hannunsa? Kuma na lura ranar da Yaya ya faɗi, Baba ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari.

Na riƙe abin a ciki har bayan Baba ya yi ritaya. Wata rana da yamma na same shi a tsakar gida yana gyaran rediyo, na zauna kusa da shi.

"Baba, ka san sifirin nan ya mutu, ko ba ka sani ba?"

Ya daɗe yana murɗa sukurin da ya riga ya ɗauru.

"Yayanki ya dawo daga aiki?"

"Ya dawo, yana ɗakinsa."

"To," ya ce. "Miƙo mini batirin can."