Tsarabar Suruki da Muryar Baba

Ko na tsufa tukuf, ranar da aka kawo mini sabon diski tsaraba ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro, ina da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, mai zafi kamar tukunyar tuwo, yau ta mutu gobe ta farfaɗo. Muryar mahaifinmu kuwa a cikinta take. Shekarar da ya yi jinya na riƙa ɗaukar muryarsa yana ba da labarin rijiyoyin hanyar Tagriss, yana kiran shanunsa da sunayensu, yana dariya yana tari. Bayan rasuwarsa, Inna kan aika a kira ni ranar Juma'a in kunna mata. Ba ta kuka, sai dai ta riƙa cewa "haka ne" kamar yana zaune a gefenta.

Mijin yayata ya dawo daga Aljeriya, ya ji ina kuka da injin, sai ya ba ni diskin, irin wanda ake jonawa a adana abubuwa. Na san ƙa'ida sarai. Sabon diski sai an share shi, an cika shi da tarkacen da ba a damu da su ba, a sake buɗe su a ga ko sun zauna. Na fara ke nan, shi yana shan shayi, sai babban wanmu ya yafito ni waje.

"Mi kake yi haka?"

"Gwada shi nike, Yaya."

"Kyautar surukina zaka gwadawa gaban idonai? So kake a ce mun ɗauke shi mai kawo jabu? Ƴar'uwarka na gidanai, kada ka jawo mata magana. Zuba abinka ka yi godiya."

A wurina mijin yayata abokin wasa ne, da zan iya ce masa komai. Amma ga Yaya suruki ne, kuma a gidanmu ba a ja da babba. Na kwashe komai na zuba, sunaye suka jeru tsaf, na yi godiya har da dariya. Daga baya na kai injin Maradi gyara, aka goge shi tas, ban ko damu ba tunda ina da ajiya.

Wata Juma'a na jona diskin a ɗakin Inna. Sunaye na nan, amma duk wanda na taɓa shiru. Na koma Maradi da diskin. Mai gyara ya ɓalle murfin, sai ga ɗan ƙaramin kati da guntun ƙarfe da aka manna don ya yi nauyi. Ya ce duk abin da ya shiga, na bayansa ya taka shi. Shi ma surukin cutarsa aka yi, kuma har yau ba mu faɗa masa ba.

Da na dawo, Inna ta ce, "Kunna mani tsohon naku."

Na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, "To, yau ne ya tahi ke nan." Ranar na ga hawayenta, abin da ban gani ba ko ranar jana'iza, kuma baƙin cikin bai sake ni ba har yanzu.

Abin da na koya shi ne, kunya tana da wurinta, amma ba a kan abin da ba shi da na biyu ba. Sabon diski, ko wa ya ba ka, gwada shi kafin ka damƙa masa abin da in ya tafi ba ya dawowa.