Tabon Malafar Elkanah Tuttle

Elkanah Tuttle, mai kula da fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya a bakin tekunmu, ya rasu ranar Talata. Ni na shigar da sunansa aiki a ofishin kwastan, don haka na san abin da ya raba shi da malafa, har ba ya sa ta ko ƙanƙara ake zubawa.

A shekarar 1801 mulki ya sauya hannu. Kafin nan, 'yan tsohuwar jam'iyya kan ɗinka baƙin ƙyalle a gefen malafa. Da zaɓe ya juya, kowa ya farke nasa. Elkanah maƙerin ganga ne da kasuwa ta mutu masa, ga 'ya'ya. Shi ma ya farke, ya shiga layin masu neman aiki wurin sabon shugabanmu, Kanar Wadleigh.

Ya cire malafar ya riƙe a ƙirji. Rana ta cinye launinta, gurbin ƙyallen kaɗai ya rage baƙi wuluk.

"Ka ce kai namu ne tun asali?" in ji Kanar.

"Tun ina goye, ranka ya daɗe."

"Ashe malafarka ce labari bai kai mata ba."

Layi ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Juya ta, Elkanah, wataƙila ɗaya gefen namu ne!"

Elkanah ya dubi ƙasa. "Ba tawa ba ce. Aro na yi wurin Jabez."

Jabez Sill wan matarsa ne, shi ke riƙe da fitilar a lokacin, kuma bai taɓa ɗaura ƙyallen kowa ba. Dariya ta ɗauke, don duk mun san haka. Kanar ma ya sani, amma dalilin sallamar Jabez yake nema. Ya ce mini, "Rubuta." Na rubuta.

Aka sallami Jabez, aka ba Elkanah aikin. Ranar miƙa mabuɗi Jabez bai ɗaga murya ba. Ya nuna masa inda ake ajiye man fitila, sannan ya miƙa hannu.

"Tunda an ce tawa ce, mijin ƙanwata, ba ni abata."

Elkanah ya ba shi. Duk Lahadi Jabez kan zo coci da ita, ya ɗora ta a gwiwa, tabon yana kallon bencin Elkanah.

Fitilar ba ta taɓa mutuwa a hannun Elkanah ba. Amma bai ƙara sayen malafa ba.