Kawaicin Dakta Golnar

A wata jami'a a Shiraz, babu wanda ya kai Dakta Golnar kawaici. In suka haɗu da malaminta, Ustaz Hushang, a bakin ƙofa, sai shayi ya huce suna "wuce mana", "a'a wallahi, kai ne babba".

Aikinta ɗaya ne tun tana ɗaliba. Cibiyar ƙwayar zarra kamar ɗigon ruwa take, in ta ɗau zafi takan zama tururi. Ita kuwa tana lissafin zafin da in an kai shi, ba a ƙara bambance ruwan da tururin. Ustaz ya daɗe da buga cewa ashirin ne a ma'auninsu, nata lissafin kuma ya tsaya a sha bakwai.

Da ta kai masa lissafin, ya miƙo mata shayi, sai da ya matsa mata sannan ta karɓa.

"'Yata, ko mu haɗu a tsakiya?" in ji shi yana murmushi.

"Ustaz, a hannunka na koya. Ƙofa taka ce, kujera taka ce. Amma sha bakwai ne."

Da za su fita, ya ja baya ya ba ta hanya. Ta kafe sai da ya wuce.