Awarwaro a Bokitin Ruwa

Yau an sha kallo a unguwarmu ta Hindawiyya!

Wani attajiri ya cakumi maƙwabcina Audu, maƙerin zinariya. "Ka gauraya min awarwaro da tagulla! Yalla, mu je wajen 'yan sanda!"

Audu ya riƙe rigata. "Baba Alhaji, za su ƙwace iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, su kore ni!"

Sai na tuna labarin da wani Bagirke mai kanti ya ba ni a Khartum, na masanin ƙasarsu da ya gano algus a kambin sarki yana tsakiyar wanka.

Na ɗora awarwaron a sikeli, ɗaya gefen kuma na sa wata zinariyar attajirin da ya ce tsantsa ce, daidai nauyin awarwaron. Na ce, "Mai algus shi zai taso sama." Na nutsa sikelin a bokitin ruwa.

Sikeli ya karkata.

Zinariyar attajirin ce ta taso!